Wutsiyar Jirgin Namadi Mai Walda

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Asabar, 14 ga Oktoba, 2000, a tsakiyar watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanena Namadi, wanda mutanen Kaura Namoda suka sani da Namadi Mai Walda. Ya rasu a wani fako tsakanin Zurmi da Birnin Tsaba, cikin ƙaramin jirgin saman da ya ƙera da hannunsa, bayan wutsiyar jirgin ta karye yana sama. Shekarunsa arba'in da ɗaya. Ya bar matarsa Kulsumu da 'ya'ya uku, Firdausi da Misbahu da Nusaiba. Ya kuma bar ni, yayansa Armiya'u, malamin firamare, wanda ya ba shi shekara bakwai.

Namadi, yau mako uku ke nan da muka kai ka, kuma na gaji da jin abin da ake faɗa. Mai zuwa gaisuwa zai ce Allah Ya jiƙanka, ya shafa, sannan in ya fita ya rage murya ya ce amma dai ka yi ganganci. A tasha ana cewa ka yanke jirginka gida biyu ka haɗa da noti don ƙiwar aiki. Wasu suna cewa walda daban, ilimi daban. Ni ina zaune a kan tabarma ina amsa gaisuwa, ina ji, ban ce komai ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin wannan ta'aziyya ce, kuma shaida ce da na danne tun kana da rai.

Bari in fara da abin da kowa zai yarda da shi. Ba a taɓa kawo maka ƙarfe ka mayar da mai shi hannu wofi ba. Ka koyi walda a wurin tsofaffin masu gyaran taragon jirgin ƙasa, ka kafa rumfarka a bakin hanyar Shinkafi, kuma tun daga nan garmar da ta karye a ƙasar nan ta san inda za ta. Duk ranar kasuwar Shinkafi kana can da injinka, manoman Katuru da Badarawa sun kewaye ka, kowa da guntun abin da ya ɗauko, kai kana aiki kana tsokanarsu, kana ce musu ba garmar ce ta gaji ba, mai ita ne. Lokacin da famfon rijiyar Badarawa ya lalace mata suka koma tafki, kwana biyu ka yi a can har ruwa ya fito, ka dawo da goran nono da kaza ɗaya kana murna. Akwai wata gurguwa mai sayar da ƙuli a tashar Kaura da ka yi wa keken hannu, ka sa mata har da ƙararrawa, ka ce ai ita ma direba ce. Ranar jana'izarka da wannan keken ta zo, ta tsaya nesa da maza tana kuka.

Ni kuwa abin da ba na mantawa shi ne gadon Inna. Da ƙafafunta suka yi nauyi ta daina iya tashi ita kaɗai, ni abin da na iya shi ne in zauna in yi mata addu'a da nasiha a kan haƙuri. Kai ka auna tsawon hannunta da igiya, ka tafi, ka dawo da wani ƙarfe lanƙwasasshe ka liƙa a jikin gadon. Har ta rasu da shi take kamawa ta miƙe ta yi alwala ba ta kira kowa ba. Haka muke tun muna yara. Ni na gaji littattafan Baba da bakinsa, kai kuwa babu wanda ya san inda ka gado hannunka.

Maganar jirgi ta samo asali ne daga shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonar Baba. Kana ɗan shekara goma sha ɗaya. Mun wuni muna jan igiyoyin gwangwani muna ihu har muryoyinmu suka dishe, tsuntsayen ko a jikinsu, kafin kwana uku zangarniyar gero ta zama tsinke. Sai bayan an gama ɓarna jirgin feshi ya zo ya yi kewaye biyu ya tafi. Tun daga ranar kake cewa maganin jan-baki shi ne jirgin da yake kwana a garin da gonar take. Mu muna dariya. A shekarar da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, kowa yana ganin komai zai yiwu, sai ka fara tara bututun ƙarfe a tsakar gidanmu.

Shekara huɗu ka yi kana wannan aiki. Ka sami injin wata tsohuwar mota ka kwance shi ka sake haɗawa, ka sassaƙa farfela da itacen maɗaci, Kulsumu ta ɗinka yadin da aka lulluɓe fikafikan da shi. Zanen jirgin kuwa daga wurin Malam Sanda ka samo, wani dattijo a Shinkafi da ya yi aikin gyaran jiragen feshi a ƙuruciyarsa. A gabana ya yi maka bayani, kuma ko ni da ban san komai ba na gane. Ya ce wutsiyar jirgi ba ado ba ce, ita ke riƙe hancinsa kada ya duƙa ƙasa, kuma duk iskar da ta buge ta, nauyin yana bi ne ta bututu huɗu da suka taso daga bayan kujera har ƙarshen jirgi. Fikafikai an yi su ne a cire a mayar, amma waɗannan huɗun dole kowane ya kasance guda ɗaya, ba yanka, ba huji. Haka ka yi su tun farko. Ina so masu magana a tasha su ji wannan da kyau: yadda zane ya ce, haka Namadi ya yi.

Da aka gama sai jirgi ya ƙi fita daga gida. Gidanmu ɗakunan maƙwabta ne suka kewaye shi ta gefe uku, hanyar fita ɗaya ce, ta zauren Baba. Ƙofofin zaure kuwa, kamar na kowane gidan mutunci, ba sa kallon juna, don kada na waje ya hango tsakar gida. Mutum yana shiga ya karkata ya wuce, amma ƙarfe mai tsawon taku goma sha biyar ba ya karkata. Kun gwada ta kowace fuska, kullum wutsiya ce ke tokare bango.

Ka same ni a zauren bayan la'asar, ni kaɗai, ka durƙusa kamar yadda ka saba ko da furfura ta fara fito maka.

Ka ce, "Yaya, kamu biyu kaɗai nika so a rage ma bangonga. In jirgi ya hita ni da kaina zan maida shi in shahe, ba wanda za ya gane."

Na ce, "Zauren da Baba ya gina da hannunai, ya yi shekara talatin shina karantarwa ciki, shi za a sa ma diga don abin wasa? Ina raye ba a yi."

Sai ka ce to a ɗaga shi ta kan soro. Na ce a tara ƙatti bisa soro su leƙa gidajen mutane, a wannan lokaci da aka fara aiki da shari'a, kuma ni ina cikin masu wa'azi a unguwa? Wane ido zan kalli maƙwabta da shi?

Ka ce, "To, Yaya." Ka tashi.

Wannan "to" ɗin ita ce ta kashe ka, kuma ni na ciro ta daga bakinka. Gaskiyar magana ba Baba nake karewa ba. Baba da kansa ya taɓa fasa bangon ɗakinsa don a fitar da rumbun da aka ba maƙwabci. Ni dai na ji haushin yadda ake taruwa a ƙofar gidanmu ana tambayar Namadi, gidan da aka sani da karatu ya koma gidan mai jirgi, ni na zama yayan mai jirgi. Na sami abu ɗaya da ikonsa yake hannuna, na riƙe shi da ƙarfi.

Washegari na ji ƙarar zarto a tsakar gida. Ka yanke bututun nan huɗu a gaban wutsiya, ka zura guntun bututu a cikin kowane, ka huda, ka ɗaure da noti takwas. Jirgi ya zama yana fita gida biyu, a haɗa shi a waje. Da Malam Sanda ya zo ya gani, sai da ya cire hularsa ya riƙe.

Ya ce, "Kai Namadi, wa ya aike ka? Ƙarhen da anka huda ba shi komawa yadda yake."

Ina tsaye a wurin. Ka dube shi, ba ka dube ni ba, ka yi dariya ka ce don sauƙin lodi a mota ne, kuma ai aure ka ɗaura musu. Ya ce auren da ake kwancewa kowane mako ba aure ba ne. Ya tafi yana faɗa, kuma har yau a wurinsa laifinka ne kai kaɗai. Malam Sanda, idan wannan takarda ta iso gare ka, ka sani yaronka bai ƙi jin maganarka ba. Maganar yayansa ya bi, ya kuma rufa masa asiri.

Sau goma sha ɗaya aka fitar da jirgin aka mayar, domin ba ka da wurin ajiye shi a waje, rumfarka buɗe take, awaki ma kaɗai sun isa su cinye yadin. Ana loda shi a mota a kai fakon da abokinka Wakili, wani Bafillace mai shanu a wajen Birnin Tsaba, ya nuna maka. Yana gudu a ƙasa, ya ɗaga kamar tsayin mutum, ya sauka, mutane su yi ta kabbara. Kowace kwancewa da ɗaurewa, da kowace girgizar inji, hujin nan suna ƙara faɗi kaɗan kaɗan, abin da ido ba ya gani. Ka san da haka. Ka ce wa Wakili in an gama girbi za ka kafa rumfa a kusa da rugarsa, ka canja bututun gaba ɗaya, jirgi ya zauna can ya huta da shiga zaure. Ba zan ce ba ka da naka kason ba, Namadi, domin ba ka son a yi maka ƙarya. Ya kamata ka jira. Amma jan-baki ba su jira girbi ba, suka sauka a fadamar Zurmi dawa tana nuna, Maigarin wani ƙauye ya zo da kansa har Kaura ya ce ko ƙarar jirgin ce kawai a taimaka musu da ita a tayar da tsuntsayen. Kai kuwa ba ka iya cewa a'a ba, ni ne shaida.

Ban taɓa zuwa kallon gwajinka ba sai ranar. Kai ka roƙe ni, ka ce kana so in yi addu'a kafin ka tashi. Da aka haɗa jirgi ka hau, sai ka ce a riƙe wutsiya har inji ya yi zafi, kuma ka ce Yaya ne zai riƙe. Na san girmamawa ce. Na kama da hannu biyu. Da injin ya ɗauka, na ji wutsiyar tana motsi a hannuna, ba tare da sauran jikin jirgin ba, ita kaɗai, kamar haƙorin da ya kusa fita. Na ji shi sarai. Na buɗe baki, sai na tuna cewa in na ce wutsiya tana motsi, maganar za ta koma kan dalilin yanka ta, a gaban Wakili da Maigari da jama'a. Na ce a raina kai ne gwani, ka fi ni sani. Ka waiwayo ka ɗaga hannu, na saki.

Jirgin ya yi gudu ya tashi, ya wuce tsayin mutum, ya wuce kan giginya. Wallahi ya yi kyau, kuma na yi alfahari da kai a wannan ɗan lokacin fiye da duk shekarun da suka wuce. Ka nufi fadama, tsuntsaye suka tashi baƙi ƙirin. Da ka karkata za ka juyo sai muka ga wutsiya ta lanƙwashe gefe, hancin jirgin ya duba ƙasa. Ba a yi wata ƙara mai yawa ba. Kafin mu isa da gudu rai ya yi halinsa. Wakili ne ya cire rawaninsa ya rufe ka. Daga baya aka tsinto wutsiyar a cikin dawa, notin takwas suna nan daram, ko ɗaya bai kwance ba, ƙarfen da aka huda ne ya yage. Tsuntsayen suka koma suka sauka kafin azahar, kuma na ji an ce gonakin ba a sami komai a cikinsu ba.

Ni ina cikin waɗanda suka tafi Gusau bara ranar da aka ƙaddamar da shari'a, muka tsaya cikin rana muna kuka don murna, muna cewa yanzu kowane haƙƙi ya sami inda za a bi shi. Saboda haka bayan addu'ar bakwai na tafi gidan wani tsohon alƙali da nake girmamawa, na zayyana masa komai ban rage ba, na ce ya gaya mini abin da ke kaina, ko kaffara ce ta kisan kuskure ko mene ne, in yi. Ya saurare ni har na gama. Ya tambaye ni ko ni na riƙe zarton, na ce a'a. Ko na tilasta maka hawa, na ce a'a. Ko ni masanin jirgi ne da za a ce na san ma'anar abin da hannuna ya ji, na ce a'a. Ya ce to babu hukunci a kaina, ajali ne, in yi istigfari in riƙe marayu. Na san gaskiya ya faɗa bisa abin da littafi ya ce. Amma na fito daga gidansa da nauyin da ya fi wanda na shiga da shi, domin na je neman abin da zan yi ya ƙare, aka ce mini babu.

Saura mutum ɗaya. Jiya da safe na yi sallama a ƙofar ɗakin Kulsumu, tana cikin takaba, na tsaya daga bayan labule. Na ce ina da maganar da ba ta sani ba game da jirgin, na fara ba ta labarin zaure. Ban yi nisa ba ta tare ni.

Ta ce, "Yaya, na sani. Ina bayan ƙohwa rannan, na kawo maka ruwa, na ji duka. Shi ya hana ni hwaɗi. Ya ce yayanai ne, ba a jin kunyatai a bakinmu."

Na gaya mata sauran, wanda ba ta sani ba, na abin da na ji a hannuna na yi shiru. Ina jin Nusaiba tana wasa da murfin kwano a ciki. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Shi dai bai riƙe ka ba, wannan ina shaida. Ni ko, Yaya, kada in yi maka ƙarya cikin takaba. Ban iya ba tukuna."

Ta kuma ce in ta fita takaba za ta koma gidan iyayenta a Katuru da yaran. Ban hana ta ba, kuma ba ni da bakin hanawa. Na riga na yi hanin da zan yi a duniya.

To Namadi, ga abin da ya rage. Jirginka tarkace ne a bayan rugar Wakili, kuma ban ga wanda zai sake ɗaukar wannan aiki a ƙasar nan ba, domin abin da mutane suka koya daga mutuwarka shi ne kada a gwada. Ba wannan ne darasin ba. In akwai wani mai hannu irin naka a wani gari da zai karanta wannan, ya ji daga bakin wanda ya gani: abin da aka ce a bar shi guda, a bar shi guda, in bango ne ya tare hanya a fasa bangon, ƙasa ce, ana sake kwaɓawa. In kuma hannunka ya ji motsi a inda bai kamata ba, ka faɗa da ƙarfi ko a gaban wa. Ni na san wannan yanzu, a lokacin da sanin ba ya amfana mini komai.

Ya Allah, ga bawanka Namadi ɗan Malam Sirajo ya zo gare Ka. Ka san bai tashi sama don girman kai ba, ya tashi ne don hatsin bayinka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka karɓe shi cikin shahidai, Ka haɗa shi da Inna da Baba a Aljanna. Ka saka masa da alherin kowace garma da kowane famfo, da asirin ɗan'uwansa da ya rufa har ya mutu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Sanda, da Wakili, da abokan aikinsa na bakin hanyar Shinkafi, da manoman Zurmi da Katuru da Badarawa da suka rasa mai gyara musu. Firdausi, Misbahu, Nusaiba, in kun girma aka ce muku ubanku bai iya aiki ba, ku nuna wannan takarda. Ubanku ya iya aiki, biyayya ce ta yi masa yawa. Allah Ya raya ku, Ya ba ku wanda zai riƙe ku fiye da yadda na riƙe shi.

Kulsumu, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sanyaya zuciyarki. Ba zan sake tsayawa a ƙofarki in tambaye ki ba, kuma ba zan aiko kowa ya roƙe ki ba. In kin iya wata rana, ki aiko a gaya mini. In kuma har na mutu ba ki iya ba, ba ki zalunce ni ba.